Alƙalancin Sofbol: Inda Za Ka Tsaya da Lokacin da Za Ka Buɗe Baki

Assalamu alaikum. Jama'a, sannunku da zuwa, sabbin alƙalai maza da mata.

Tarihi kaɗan zan taɓa. A birnin Shikago na Amurka aka fara wasan nan a 1887, a cikin ɗaki ma, hannun wani George Hancock. Ya shiga gasar Olamfik a Atlanta a 1996, aka cire shi bayan ta Beijin a 2008, ya dawo a Tokiyo, kuma yana cikin ta 2028. Ma'aunai kuwa haddace su za ku yi: ƙafa 60 tsakanin zango da zango, ƙafa 43 daga mai jifa zuwa gida (zangon da mai bugu ke tsayawa kusa da shi) a wasan manyan mata, zagaye bakwai a wasa ɗaya, jifa kuma ta ƙasan kafaɗa.

To, littafin dokoki a gida ake karanta shi. Abin da ke kayar da sabon alƙali a fili shi ne gaggawa. Ƙwallo ta shiga safar mai tsaron zangon farko, ka ɗaga dunƙule ka ce mai gudu ya fita, sai ga ƙwallon tana birgima a ƙasa. Da wane baki za ka janye? Saboda haka ka tsaya cak tukuna, domin idon da ke gudu ba ya gani da kyau. Ka kalla, ka tabbata ƙwallo na riƙe, sannan ka yanke. Kuma kada ka damu da matsowa kusa idan bayan ɗan wasa ya tare maka ido. Gara kana nesa kaɗan amma kana hango ƙwallo, ƙafa da zango gaba ɗaya.

Alƙalin da ke bayan zangon gida, ya sa kansa a ratar da ke tsakanin mai bugu da mai cafewa. Lissafin jifan da ya kauce wa yankin bugu a yatsun hagu ake nuna shi, na jifan da ya shiga a yatsun dama. Idan ƙwallon da aka buga ta faɗa wajen layi, ka ɗaga hannuwa ka ɗaga murya. Idan ta faɗa ciki, nuni kawai, bakinka alaikum. Dalili? A cikin hayaniya 'yan wasa ba sa bambance kalmomin Turancin nan biyu, "foul" (waje) da "fair" (ciki), da sun ji muryarka za su tsaya.

Akwai wurare biyu da kociyoyi za su gwada ku. Na farko da'irar mai jifa, wadda ke da ƙafa 8 daga tsakiya zuwa baki. Da zarar ƙwallo ta koma hannun mai jifa a cikinta, mai gudun da ke tsakanin zanguna dole ya zaɓa nan take, gaba ko baya. Ya tsaya yana rawar ƙafa, ya fita. Na biyu shi ne tare hanya. In mai gudu ne ya hana mai tsaro kama ƙwallo, wasa ya mutu nan take. In mai tsaro ne ya tare mai gudu alhali ba ƙwallo a hannunsa, miƙa hannun hagu gefe za ka yi, ka bar wasa ya ci gaba, sai ya lafa ka ba mai gudu zangon da ya kamata ya kai. Ni a ganina wannan ce ta fi wuya, don jiki na son tsayar da wasa da an ga laifi.

Yanzu kowa ya ɗauki garkuwar fuska, mu fita fili mu fara da tsayuwar bayan zangon gida, bibbiyu.