Totti da Roma: abin da ke riƙe ɗan wasa a kulob ɗaya

Ranar 28 ga Maris 1993, Roma ta sako wani yaro ɗan shekara 16 a wasanta da Brescia. Bai tuɓe rigar Roma ba sai ranar 28 ga Mayu 2017. Francesco Totti ke nan, haifaffen birnin Rum, garin kulob ɗin. Ya buga wa Roma wasa 786, ya ci ƙwallo 307.

Masu kallo, ƙauna kaɗai ba ta riƙe ɗan wasa shekara 24. Tun hukuncin Bosman na 1995, wanda kwantiraginsa ya ƙare yana iya tafiya kyauta. Dokar FIFA ta ba shi damar sa hannu da wani kulob idan saura wata 6, kuma ta hana kwantiragi wuce shekara 5. Ke nan bayan 'yan shekaru sai an sake zaman ciniki, ga wakili a gefe wanda sau da yawa kasonsa ya fi tsoka idan an sayar da ɗan wasan. Real Madrid ta nemi Totti a wajajen 2004, ya kusa tafiya, daga baya ya fasa.

Me ya zaunar da shi? A Italiya kofin Serie A kusan gadon arewa ne: Juventus, Milan da Inter. Sau 3 kacal Roma ta ɗauka, a 1942, 1983 da 2001. Ɗan gari da ke magana da karin harshen Rum, yana ɗaure da kambun kyaftin tun 1998, a idon 'yan kallon Curva Sud, ɓangaren filin wasa na riƙaƙƙun magoya bayan Roma, shi ne amsarsu ga arewa. Farashin da ya biya kuwa a bayyane yake, don kofin lig ɗaya tal ya ɗaga, sai Coppa Italia a 2007 da 2008, da Supercoppa Italiana a 2001 da 2007.

Inda mutane ba su cika lura ba shi ne sauya gurbi. Koci na zuwa, koci na tafiya, kowa da tsarinsa, wanda ya kafe a wuri ɗaya shi ake fara sallama. Zeman ya ajiye Totti a gefen hagu, Capello ya dawo da shi bayan masu cin ƙwallo, Spalletti kuma ya tura shi gaba ba tare da lamba 9 na ainihi ba, yana janyewa tsakiya yana jawo masu tsaron baya. Ya karye a ƙafa a Fabrairun 2006, aka sa masa ƙarfe, ya tashi ya ci kofin duniya a bazarar, sannan ya zura ƙwallo 26 a lig ya karɓi takalmin zinare na Turai a 2007.

Matsalar tana zuwa ne a ƙarshe, lokacin da gudu ya ragu amma suna bai ragu ba. Koci na son maki, 'yan kallo na son gwarzonsu. A Fabrairun 2016 Totti ya koka a talabijin cewa ba a mutunta shi, Spalletti ya cire shi daga tawagar wasan Palermo. A Afrilu, Torino na gaba da ci 2 da 1, aka sako shi daf da tashi, ya ci biyu cikin 'yan mintuna, Roma ta yi nasara 3 da 2.

Bayan ritaya an ba shi kujerar darakta. Ya ajiye ta a Yunin 2019, yana cewa masu kulob ɗin ba sa shawara da shi wajen ɗaukar koci da sayen 'yan wasa.