Barcin mai jinya: lacca kan kula da mai shanyewar ɓarin jiki a gida

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Abubuwa biyar na zo da su kan yadda mai jinya zai kauce wa durƙushewa. Zan yi misali da mai shanyewar ɓarin jiki da aka sallamo daga asibiti, domin jinyarsa ta watanni ce, wani lokaci ma shekaru.

Na farko, ku san alamar. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta siffanta wannan gajiyar da abu uku, ko da yake ita kan ma'aikata ta yi magana: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta fita daga aikin, mutum ya kasa abin da ya saba iyawa. A cikin gida kuwa, yarinyar da ke lallashin Baba ya sha kunu, sai ka ji yanzu tsawa take yi masa. Ta manta ko ta ba da maganin hawan jini da safe, ta sake bayarwa. A ce ba ta da tarbiyya, alhali barci ne ba ta samu.

To, barci. Nan zan daɗe, ku yi haƙuri. Wanda ba ya iya motsa kansa, ana juya shi duk bayan awa 2, don kada fata ta mutu a inda ƙashi ke danne ta: diddige, kwatangwalo, ƙasan gadon baya, kafaɗa. Ku lissafa da ni: ƙarfe 10 na dare, 12, 2, 4, 6. Babban mutum kuma yana bukatar barcin awa 7. Ina za ta same shi? Abin da za ta samu tsakanin juyi da juyi awa ɗaya da rabi ne, in ma barcin ya zo. Mutum ɗaya ba zai iya ba. Ba zai iya ba, ko da waliyyi ne.

Saboda haka dare na mutum biyu ne. Ta farko ta yi juyin 10 da na 12, ta tafi ta kwanta har asuba. Na biyu ya kwanta da an idar da Isha'i, a tashe shi ƙarfe 2, ya yi na 2 da na 4. Kowa ya sami kusan awa biyar a jere, ya cike da barcin rana. Na ce "na biyu" da gangan, Alhaji, na ga kana dariya. Maza ma suna da hannu. Kuma wanda ba nasa lokacin ba, ya kwana a wani ɗaki. In ka shimfiɗa tabarma a gindin gadon, ko tari mara lafiya ya yi sai ka farka.

Ku rubuta jadawalin a manna a bango, suna da lokaci. Abin da ba a rubuta ba, kan mai kunya yake faɗawa. A ajiye littafi kusa da magunguna, duk wanda ya bayar ya sa alama.

Har yanzu kan dare nake. In likita ya rubuta maganin sa fitsari irin su Lasix, ku tambaye shi ko za a sha da safe, domin wanda aka sha da yamma shi ke jiƙa shimfiɗa tsakar dare. Katifar iska mai famfo tana taimakawa, amma ba ta ɗauke juyi, kuma kun san halin wutarmu. Ku riƙa duba fatar kullum. A baƙar fata ja ba ya fitowa sosai, don haka ku nemi wurin da ya ƙara duhu, ko ya yi zafi, ko ya yi tauri. Gyambo ɗaya in ya buɗe, wanki da ɗauri sun ƙaru na watanni, kuma mai jinya ce za ta ɗauka.

Na uku, ko na huɗu ne? Ku kula da gadon bayanku. A ninka zanin gado biyu a sa ƙarƙashin mara lafiya daga kafaɗa zuwa cinya, mutum biyu su kama gefe da gefe su ɗaga. Kada a ja shi, kada a kama shanyayyen hannun, kafaɗar tana iya gocewa. Ku lanƙwasa gwiwa, ba ƙugu ba.

Sai 'yan dubiya. A cika ɗaki, a ce sannu, mai jinya ta tashi dafa musu abinci! Duk wanda ya ce "me za a yi?", a ba shi aiki: kai ka kai shi gashi ranar Talata, ke ki ɗauki wanki, yayan da ke Abuja ya ɗauki kuɗin famfas da safar hannu duk wata. Ku kuma masu jinya, Tiramadol don ƙarfi da ƙwayar barci ba da izinin likita ba, a bar su. Na'am, Hajiya?

(Wata daga cikin mahalarta: Surukata nake jinya ni kaɗai. Wani lokaci sai in ji ina ma Allah Ya ɗauke ta, sai in yi ta kuka.)

Sannu, Hajiya, Allah Ya ba da lada. Masu doguwar jinya da yawa wannan tunanin yana zo musu, ba sa faɗa ne kawai. Gajiya ce ta kai maƙura, ba ƙiyayya ba. Annabi (SAW) ya gaya wa Abdullahi ɗan Amru cewa jikinsa yana da haƙƙi a kansa. Ki sami babba a dangin maigidan da ake jin maganarsa, a tara 'ya'yanta, a ware miki yini guda cur a mako da za ki bar gidan. In kuma kukan, da rashin cin abinci, da jin komai ya fita ranki sun kai mako biyu, ki ga likita. In tunanin cutar da kanki ko ita ya zo, ranar za ki je, kada ki jira. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a nan Kano, kuma ba sai wanda ya haukace ke zuwa ba. Ki tsaya bayan an tashi mu tsara miki jadawalin. An kira salla, ragowar sai wani zaman.