Ta ina saƙonka yake bi kafin ya isa?

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban taro, malamanmu, iyayenmu mata da ke wancan ɓangaren, da matasan da suka cika bayan zaure, barkanku da yamma. Na baya kuna jina? To, madalla. A ɗan rage fankar nan idan da hali, mai ɗaukar sauti yana ta yi mini alama.

An ce in yi magana a kan waya da intanet da labaran kimiyyar da ke yawo a hannunmu. Na kasa maganar gida huɗu. Na ɗaya, hanyar da saƙo yake bi. Na biyu, ita wayar da muke saye. Na uku, labaran da ake turo mana. Na huɗu, kuɗin data. In Allah ya yarda za mu taɓa kowanne.

Kafin na ɗayan, waɗanda suka haura arba'in a nan za su tuna zamanin NITEL, lokacin da layukan tarho a duk Najeriya ba su kai rabin miliyan ba. Sai 2001, zamanin Obasanjo, aka kawo wayar salula. Layi kaɗai, ba waya ba, layi kaɗai, ana sayensa dubu ashirin ko fiye. Minti ɗaya naira hamsin, ko ka ce "salamu alaikum" ka kashe, an cire maka hamsin. Sai da Glo ya shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa sannan sauran suka bi. Alhaji yana gyaɗa kai, shi ya biya wannan kuɗin. [dariya]

To, na ɗaya. Idan ka tambayi mutum ta ina saƙonsa yake bi, sai ya nuna sama, ya ce tauraron ɗan'adam. Jama'a, saƙonku a ƙasa yake tafiya. Ina so ku riƙe wannan ko da za ku manta sauran: a ƙasa yake tafiya, kuma a ƙarƙashin ruwa.

Ka ɗauki hoto a Kano ka tura wa ƙaninka da ke Jidda. Abin da ya yi a iska ɗan kaɗan ne, daga hannunka zuwa ƙarfen sabis na unguwarku. Daga nan, ko kai tsaye ko bayan ya tsallaka wani ƙarfen, sai ya faɗa cikin kebul da aka binne a gefen titi. A cikin kebul ɗin akwai zaren gilashi siriri, da ƙyar ido yake ganinsa, kuma haske ne yake gudu a ciki. Hotonka ya zama ƙyaftawar haske. Ya bi gefen titi ya gangara kudu, tafiyar kilomita wajen 1,000, har Legas. A bakin teku akwai tashar da kebul yake nutsewa cikin ruwa, ya kwanta a ƙasan teku, ya bi gaɓar Afirka ta Yamma har Turai. Fiye da kashi 95 cikin 100 na bayanan da ke tsallakawa tsakanin nahiyoyi ta irin waɗannan kebul suke bi. Kuma wannan dabara ba sabuwa ba ce, tun 1858 aka fara shimfiɗa kebul na telegiram tsakanin Turai da Amurka.

Kun san kaurinsa a can tsakiyar teku? Bai wuce tiyon ban-ruwan lambu ba. Wallahi duk lokacin da na tuna wannan sai in ce Allahu Akbar. Bankinka, karatun 'yarka, kiran bidiyon da Hajiya take yi da jikokinta, duk suna rataye da abin da za ka iya riƙewa da hannu ɗaya.

Ga shaida. Ranar Alhamis 14 ga Maris, 2024, muna farkon azumi. Wa ya tuna? Ga hannaye nan. A ranar kebul huɗu suka samu matsala lokaci guda a cikin teku, daura da Abijan ta ƙasar Kwaddibuwa: WACS, da MainOne, da SAT-3, da ACE. Kamfanin MainOne ya ce binciken farko ya nuna motsin ƙasa ne a ƙarƙashin teku. Kwaddibuwa da Laberiya da Benin suka kusan yankewa gaba ɗaya, Ghana da Burkina Faso suka sha wuya, mu ma a nan manhajojin bankuna da yawa suka tsaya. Mutum yana tsaye gaban mai POS zai cire kuɗin cefanen buɗa-baki, abu yana ta juyawa. Ya yi faɗa da yaron, alhali yaron ba shi da laifi, matsalar tana ƙasan teku, nisan ƙasashe uku daga Legas.

Me ya sa ba mu yanke ɗungurungum ba? Saboda akwai wasu hanyoyin da abin bai shafa ba, irin su Glo-1, da Equiano na Google wanda ya sauka Legas a 2022. Sai kamfanoni suka karkatar da zirga-zirgarsu can. Ƙasar da take da hanya ɗaya ko biyu ita ta fi jin jiki.

Kuma gyaran, ku saurari gyaran, don shi ne ya fi burge ni. Ba a tura mai nutso, wurin ya yi zurfin da mutum ba zai kai ba. Jirgin ruwa ne na musamman, kuma irinsu ba su da yawa a duniya. Wanda ya saba yi wa yankinmu aiki, Léon Thévenin, daga Cape Town ta Afirka ta Kudu yake tasowa. Daga tudu ake aunawa a gane wajen kilomita nawa hasken ya tsaya. Jirgi ya je wurin, ya saki ƙugiya, ya yi ta janta a ƙasan teku har ta kamo kebul. A ɗago baki ɗaya a ɗaure shi da abin da ke yawo a kan ruwa, a koma a nemo ɗaya bakin, a kawo sabon yanki, sannan ma'aikata su zauna su haɗa zaren gilashin nan ɗaya bayan ɗaya, jirgi yana tangaɗi. Shi ya sa aikin ya ɗauki makonni. Matasa, wannan ma sana'a ce, mutane ne irinku suke yinta, kuma a tudu ma ana neman masu haɗa zaren nan.

Yanzu ku dawo gida. Mu nan Arewa ba mu da teku. Duk kebul ɗin nan a kudu suke sauka, yawancinsu a Legas. Kafin abin ya iso mu sai an haƙa rami mai tsawo, kuma kowace mita kuɗi ce. 'Yan uwanmu na Nijar sun fi mu nisa, nasu sai ya ratso ƙasashen maƙwabta irin su Benin. Chadi ta Kamaru da Sudan take samu, shi ya sa yaƙin Sudan ya zama abin damuwa har ga mai waya a Njamena.

Sannan abin da ya fi yanke mana sabis a kullum ba teku ba ne. Katafila ce. Ɗan kwangila yana aikin titi ko magudanar ruwa, ya kafta ƙasa, ya tsinke kebul, ya wuce bai ma sani ba, gari guda ya rasa sabis. Sai ɓarayin batir da na man janareta a gindin ƙarfen sabis. Ku sani, yawancin ƙarafan nan da janareta suke kwana suke tashi, saboda wutar lantarki ba ta tsayawa. Idan man gas ya yi tsada, sabis ya yi tsada. A 2024 gwamnatin tarayya ta sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta ba kariya ta musamman, amma takarda ba ta gadin ƙarfe da dare, mutanen unguwa ne suke ganin wanda ya zo da mota ƙarfe biyu.

Akwai kuma kuɗin da jihohi suke karɓa kafin a bari a binne kebul a gefen titinsu. An yi matsaya a kan naira 145 kowace mita, amma an daɗe wasu jihohi suna karɓar dubbai. A 2020 Kaduna ta yafe kuɗin gaba ɗaya. Ni ra'ayina, kuma ina faɗa da babbar murya, duk jihar Arewa da ta tsawwala wannan kuɗin kanta take cuta. Mu da muka fi kowa nisa da teku, mu ya kamata mu fi kowa sauƙaƙa hanya. Idan ɗan takara ya zo neman ƙuri'a, ku tambaye shi maganar nan. Mutanen Zamfara sun san darajar abin, tun da aka rufe musu sabis a Satumbar 2021 saboda matsalar tsaro, mutum ya hau mota ya tsallaka wata jiha don kawai ya kira ɗansa ko ya karɓi kuɗin da aka turo masa. A ƙasa yake tafiya, jama'a. Rami ne, da ƙarfe, da mai, da mutane.

Shugaba ya turo mini takarda, wai saura minti goma. To, na uku. A'a, wayar tukuna.

Wayar a taƙaice. Tecno da itel da Infinix duk na kamfani ɗaya ne, Transsion, da ke Shenzhen a ƙasar Sin. Sun ci kasuwarmu ne don sun duba yadda muke rayuwa: gurbin layi biyu saboda ba mai dogara da layi ɗaya, batir mai daɗewa saboda wuta, kyamarar da take fito da baƙar fata da kyau. Don haka idan ka shiga kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano, ka fara tambayar batir da wurin ajiya kafin yawan idon kyamara. Kuma don Allah a daina sayen cajar banza, ita take kashe batir, wani lokacin har gobara.

Sai labarai. A Agustan 2014, lokacin Ebola, saƙo ya zagaya cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a sha. Mutane suka tashi iyalansu da asuba. An kwantar da mutane a asibiti, an rasa rayuka, ba Ebola ce ta kashe su ba. A 2020 aka ce 5G ke kawo korona, alhali sai 2022 aka fara sayar da sabis ɗin 5G a ƙasar nan. Abin da nake roƙo kaɗan ne: duk saƙon da ya ce "tura wa mutum goma yanzu", ka tsaya. Wa ya faɗa? Yaushe? Idan maganar lafiya ce, akwai ma'aikacin asibiti a kowace unguwa, kira shi. Allah ya umarce mu da bin diddigin labari, ba sai na karanto wa malamai ayar ba.

Na ga hannu a ɓangaren iyayenmu mata. Bismillah, Hajiya. A miƙa mata abin magana.

[Tambaya: Malam, ni malamar makaranta ce. Datar da nake saye ta wata guda ba ta kai mako biyu yanzu. Shin kamfanonin nan ba sata suke yi mana ba?]

Hajiya, Allah ya saka da alheri, kin dawo da ni kan abin da lokaci ya so ya cinye. Abu biyu ne suka haɗu. Na farko farashi ya tashi da gaske, a Janairun 2025 hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince a ƙara har kashi 50 cikin 100. Kuɗin da kika saba bayarwa ba ya sayen abin da yake saye a da. Wannan ba zato ba ne.

Ɗayan kuma yana cikin wayar. Hajiya, kina cikin zaurukan WhatsApp nawa? Ta ce ba sa ƙirguwa. [dariya] Na makaranta, na dangi, na biki, na Islamiyya. Idan ba a hana ba, duk bidiyon da aka turo wayar tana sauke shi da kanta, ko kin kalla ko ba ki kalla ba. Facebook da TikTok suna kunna bidiyo tun kafin ki taɓa, suna kuma jawo na gaba su ajiye. Manhajoji suna sabunta kansu cikin dare. Kuma idan sabis ya yi ƙarfi, bidiyon yana zuwa da hoto mai kyau, mai kyau kuwa ya fi nauyi, minti ɗaya sai ya ci ninkin abin da yake ci a da. Rubutu ba ya cin komai, murya kaɗan take ci, bidiyo shi ne mai cinyewa. Sannan a tambayi yaran gida ko akwai wanda ya san lambar hotspot ɗinki, wato lambar da wata waya take shan datarki da ita. Ga wani can baya ya sunkuyar da kai. [dariya]

Ba na cewa kamfani ba ya kuskure. Amma ki je da hujja. A cikin saitin kowace waya akwai wurin da yake nuna manhajar da ta ci data da adadin da ta ci. Ki duba ranar da kika saya, ki duba ranar da ta ƙare, ki haɗa lissafin. Idan bai yi daidai da abin da aka sayar miki ba, ki fara kai ƙara wurin kamfanin, su ba ki lambar ƙorafi. Idan ba su warware ba, ki kira NCC a 622, kyauta ne.

An kira salla. Hajiya, bayan Magariba ki ba ɗaya daga cikin yaran nan wayar ya kawo, da duk mai irin wannan matsalar, zan zauna a bakin ƙofa mu kashe saukewar bidiyon nan tare, ba ya ɗaukar minti biyu. Shugaba, ga abin maganarka. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.