Dare biyu a Chelsea: kundin Pink Moon da hukuncin masu sharhi

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake saduwa daga birnin Landan. Yau na fito da kyamara zuwa unguwar Chelsea, kuma kafin masoya ƙwallo su fara murna, filin wasa bai cikin tafiyarmu. Wannan siririn titi da nake tsaye a kai shi ake kira Old Church Street, ya ratsa King's Road ya gangara har bakin kogin Thames. Idan kuka ɗaga kai kuka dubi bangon ginin da ke bayana, za ku ga siffar kan saniya a manne, domin asalin wurin gidan madara ne. A cikin harabar nan situdiyon Sound Techniques ya zauna, kuma a nan ne, cikin dare biyu na ƙarshen Oktoban 1971, wani saurayi ɗan shekara 23 mai suna Nick Drake ya ɗauki kundin waƙoƙinsa na uku, Pink Moon, wanda kamfanin Island ya fitar a watan Fabrairun 1972.

Kafin wannan kundi ya riga ya fitar da biyu, Five Leaves Left a 1969 da Bryter Layter a 1971, dukansu a hannun furodusa Joe Boyd. An ƙawata su da kayan kiɗa iri-iri, da tsarin goge irin na Turawa wanda abokinsa Robert Kirby ya rubuta, sun san juna tun suna Jami'ar Kambirij, inda Drake ya bar karatu bai kammala ba. An kashe kuɗi, an gayyato ƙwararrun makaɗa, amma kasuwa ba ta amsa ba, har ana cewa babu ko ɗaya cikin kundayensa da ya sayar da kwafi fiye da 5,000 a farkon fitowarsa. Shi ma bai taimaki kansa ba ta fuskar talla. Idan ya hau dandamali ba ya yi wa jama'a magana, kuma da yake kusan kowace waƙa tana da nata salon ɗaurin tsirkiya, sai ya duƙufa yana murɗa kunnuwan gitarsa tsakanin waƙa da waƙa, masu kallo kuwa su koma hirarsu. Tun a 1970 ya daina fita wasa.

Lokacin da ya tashi yin na uku, Boyd ya riga ya koma Amurka aiki, sai Drake ya nemi injiniyan sauti John Wood, ya gaya masa ba ya son kowa a cikin ɗakin sai shi da gitarsa. Haka kuwa aka yi. Waƙoƙi 11 ne, duka-duka minti 28, murya da gita ake ji daga farko har ƙarshe, in ban da ɗan taɓa fiyano da shi da kansa ya ƙara a waƙar farko. Waƙar Horn babu ko kalma ɗaya a cikinta, kuma ba ta kai minti biyu ba. Waƙar Know layi huɗu ce kacal, bisa wani gajeren kiɗa da yake ta maimaitawa ba canji. Wood ya kusanto da makirufo sosai, shi ya sa idan kuka sa na'urar sauraro a kunne za ku ji zamewar yatsa a kan tsirkiya da jan numfashinsa kafin ya buɗe baki, kuma za ku lura babban yatsansa yana riƙe da awon kiɗan ba ya kuskure, yayin da sauran yatsun suke tsinko karin.

Kunnen da ya tashi da sauraron Ɗanmaraya Jos ba zai ga wani abin mamaki a wannan ba, domin mun san mutum ɗaya da kuntigi yana iya cika fili ba tare da 'yan amshi ba. Bambancin shi ne Ɗanmaraya yana fuskantar jama'a yana yi musu nasiha da zambo, shi kuwa Drake yana rerawa ƙasa-ƙasa, bai damu ba ko wani ya tsinci kalmomin.

Wannan ƙasa-ƙasan ne ya raba kan 'yan jaridar kiɗa na Ingila a 1972, su ma 'yan kaɗan ne suka kula suka rubuta. Jerry Gilbert na jaridar Sounds, wanda shi kaɗai ne ya taɓa buga hira da Drake, ya nuna bai gamsu ba. A ganinsa waƙoƙin ba su da ƙarfin da za su tsaya tsirara ba ado, kuma ya ba mawaƙin shawara ya daina ɓoye kansa ya tsara al'amuransa. Mark Plummer na Melody Maker ya yaba kiɗan, amma ya tsaya a kan yadda mai waƙar yake ƙara janye jikinsa daga mutane. Al Clark na mujallar Time Out ya fi su yabo, kuma ya yi hasashen cewa Drake zai ci gaba da zama mawaƙin 'yan tsiraru. Ni dai ban ga laifin Gilbert sosai ba, domin a lokacin ma'aunin mawaƙi mai rubuta waƙarsa shi ne ya fita yawon wasa, ya yi hira, ya samu waƙa ɗaya da rediyo zai riƙa sawa, kuma Pink Moon ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan. Inda na saɓa masa shi ne zancen rashin ƙarfi, domin waƙa irin Things Behind the Sun, da an lulluɓe ta da goge da ganguna, da aikin yatsun nan ya ɓace.

Drake ya koma gidan iyayensa a ƙauyen Tanworth-in-Arden yana fama da ciwon damuwa, kuma a can ya rasu ranar 25 ga Nuwamban 1974, yana da shekara 26, sakamakon yawan maganin da ya sha. Mai binciken musabbabin mutuwa ya yanke cewa shi ya kashe kansa, amma wasu daga cikin makusantansa ba su yarda da wannan hukunci ba. Abin da ya hana sunansa nutsewa wani sharaɗi ne da Boyd ya gindaya lokacin da ya sayar wa Island kamfaninsa, cewa kada a taɓa cire faya-fayan Drake daga kasuwa. A 1979 aka haɗa ayyukansa a akwati ɗaya mai suna Fruit Tree, daga nan mawaƙan da suka biyo baya suka riƙa ambatonsa. Babban juyin kuwa daga tallar mota ya zo: a 1999 kamfanin Volkswagen ya sa waƙar Pink Moon a wata tallarsa ta talabijin a Amurka, cinikin kundin a can ya ninka fiye da sau goma. Mujallar Rolling Stone ta sa shi a matsayi na 320 cikin manyan kundaye 500 a 2003, sannan ta ɗaga shi zuwa na 201 a 2020.

Sai dai wannan yabo na baya ya zo da tasa matsalar, kuma ita ta fi damuna. Da yawa daga masu sharhin yanzu sun fara sanin labarin rasuwarsa kafin su ji muryarsa, sai suke sauraron kundin a matsayin wasiyya, duk wata gajeriyar waƙa su ce ga alamar mutumin da ƙarfinsa ya ƙare. Akwai duhu a cikinsa, ba na musu, musamman a waƙar Parasite. Amma waƙar da ta rufe shi, From the Morning, ta wayewar gari ce, kuma daga cikinta aka ɗauko kalmomin da ke kan dutsen kabarinsa. Cally Callomon, mai kula da ayyukan da ya bari, ya bayyana cewa Drake ba ya iya rubutu ko ɗaukar waƙa idan ciwon ya taso masa, kuma Drake ya yi alfahari da wannan kundi ƙwarai. Sannan bai tsaya a nan ba, domin a 1974 ya sake komawa wurin Wood ya ɗauki wasu waƙoƙi kaɗan, ciki har da Black Eyed Dog. A zaman ƙarshe na wannan shekara ne Boyd, wanda yake wurin, ya ga yadda ciwon ya ci shi, har ba ya iya haɗa kiɗa da rerawa a lokaci guda, dole aka ɗauki gita daban, murya daban. A Oktoban 1971 kuwa, duka biyun yake yi tare, zaune gaban makirufo, kuma yawancin waƙoƙin bai maimaita su da yawa ba kafin a ce sun yi.