Mike Vrabel: Daga Benci a Pittsburgh Zuwa Kujerar Koci a New England

Jama'a, barkanmu da sake saduwa. Yau Amurka za mu leƙa, mu bi sawun wani mutum da ya shekara huɗu cur a ƙungiyarsa ta farko ba a taɓa fara wasa da shi ba, amma kafin ya rataye takalmi sai da ya ɗaga kofin Super Bowl, wato wasan ƙarshe na fitar da zakara, sau uku, yanzu kuma yana cikin masu horarwar da ake ji da su a NFL, babbar gasar ƙwallon ƙafar Amurka. Sunansa Mike Vrabel.

Bari mu fara da wasan kansa, tunda ba kowa ne ya saba da shi a wajenmu ba. A ƙwallon ƙafar Amurka kowane ɓangare mutum 11 ne a fili. Masu riƙe da ƙwallo ana ba su dama huɗu su matsa gaba da yadi 10. In sun ci yadi goman, a sabunta musu damar. In sun kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Wanda ya kai ta ƙarshen fili ya yi tacdawun, maki 6 ke nan. Kowace ƙungiya tana da masu kai hari daban, masu tsaron gida daban, waɗannan na shiga waɗancan na fita.

Masu tsaron gida sahu uku suke yi. A gaba akwai ƙattai masu karo da ƙattan ɗaya ɓangaren. A can baya akwai masu zafin gudu da ke bin masu cafe ƙwallo. A tsakani kuma akwai layinbaka. In kuna kallon ƙwallon Turai, ku ɗauke shi kamar ɗan tsakiya mai lamba 6, wanda shi ne farkon mai gane inda hari zai ɓullo. Cikin 'yan daƙiƙu kafin a taɓa ƙwallo, dole layinbaka ya duba yadda abokan hamayya suka jeru, ya gane ko gudu za su yi da ita ko jifa, ya gyara wa 'yan uwansa tsayuwa, sannan ya yanke wa kansa shawara: ya kutsa ya kayar da kwatabak, wato mai jefa ƙwallo, ko ya ja da baya ya toshe hanya. Shi ya sa a yawancin ƙungiyoyi layinbaka ne ake sanya wa na'urar sauraro a hular kwano, koci ya faɗa masa dabara daga gefen fili, shi kuma ya isar wa sauran.

An haifi Vrabel a 1975 a birnin Akron na jihar Ohio. A jami'ar Ohio State, daga 1993 zuwa 1996, a sahun gaba yake wasa, kuma sau biyu ana zaɓen sa gwarzon wannan sahu a rukunin jami'o'in Big Ten. Ya kayar da kwatabak sau 36, adadin da ya zama tarihi a jami'ar. A 1997 Pittsburgh Steelers ta ɗauke shi a zagaye na uku na zaɓen sabbin 'yan wasa, shi ne na 91, ta mayar da shi layinbaka. Sai dai ya tarar da wurin a cike. Akwai irin su Jason Gildon da Levon Kirkland, daga baya ga Joey Porter. Sai ya zama ɗan canji, ana sako shi a wasu lokuta da kuma sa'ad da za a yi bugun ƙafa. Abin da aka fi tuna shi da shi a can ya faru ne a shekararsa ta farko, a wasan sili-ɗaya-ƙwale da New England Patriots, inda ya kayar da kwatabak ɗinsu Drew Bledsoe ana dab da tashi, ƙwallo ta suɓuce, Pittsburgh ta tsira da maki 7 da 6.

A ganina waɗannan shekaru huɗun su ne tushen duk abin da ya biyo baya. Ɗan wasan da ba shi da tabbacin gurbi, in yana son ya ci gaba da cin abinci a wannan sana'a, dole ya san aikin na kusa da shi kamar yadda ya san nasa, don bai san ranar da za a ce shiga nan ba.

A 2001 Bill Belichick, kocin Patriots a lokacin, ya kawo shi New England. Belichick mutum ne mai neman ɗan wasan da zai iya aiki uku ko huɗu, kuma a wajen Vrabel ya samu abin da yake so. A Super Bowl na Fabrairun 2002, kusan kowa St. Louis Rams ya ba nasara. Vrabel ne ya kutsa kan kwatabak ɗinsu Kurt Warner, ya sa shi yin jifa a gaggauce, Ty Law na Patriots ya cafe ƙwallon ya ruga da ita har ƙarshen fili. Patriots ta ci 20 da 17, kofinta na farko ke nan.

Daga nan sai wani abu mai ban sha'awa ya fara. In Patriots ta iso bakin layin ci, saura yadi ɗaya ko biyu, sai a ga mai lamba 50, ɗan tsaron gida, ya shigo cikin masu kai hari. Abokan hamayya sukan ɗauka tare hanya ya zo yi saboda girman jikinsa, sai ya sulale ya cafe ƙwallo. A Super Bowl na 2004 da Carolina Panthers, saura ƙasa da minti uku ana bin Patriots maki ɗaya, kwatabak ɗinsu Tom Brady ya jefa masa, ya cafe. A wasan nan kuma sau biyu yana kayar da kwatabak. Shekarar da ta biyo baya ya sake cafe wata a Super Bowl da Philadelphia Eagles. Ku riƙe wannan lissafin: a duk rayuwarsa ta wasa sau 12 ya cafe jifan kwatabak ɗinsa, kuma duka 12 ɗin tacdawun ne. A 2005, da Patriots ta rasa layinbakokinta na tsakiya biyu, Tedy Bruschi ya yi fama da shanyewar jiki, Ted Johnson kuma ya yi ritaya, Vrabel aka janyo daga gefe ya koma layinbakan tsakiya. A 2007 ya koma gefe, ya yi shekararsa mafi kyau, aka sa shi cikin gwanayen gasar, shekarar da Patriots ta cinye wasanninta 16 na kaka amma New York Giants ta doke ta a wasan ƙarshe.

A 2009 aka musanya shi zuwa Kansas City tare da Matt Cassel. Ya yi shekara biyu a can. Yana cikin shugabannin ƙungiyar 'yan wasa, kuma a rikicin 2011 tsakanin 'yan wasa da masu ƙungiyoyi sunansa na cikin waɗanda suka kai NFL kotu. A shekarar ya ajiye wasa bayan kaka 14.

Bai nemi kujerar sharhi a talabijin ba. Jami'arsa ya koma, ƙarƙashin tsohon abokin wasansa Luke Fickell, yana horar da layinbakoki, yana bin gidajen yaran sakandare yana lallashin iyaye su turo 'ya'yansu. Mutumin da ya ɗaga kofin Super Bowl sau uku ya yarda ya fara daga ƙasa, kuma wannan abin a yaba ne. Da Urban Meyer ya karɓi ragama sai ya riƙe shi, ya ba shi sahun gaba. A 2014 ya tafi Houston Texans, a 2017 ya zama shugaban masu tsaron gida baki ɗaya. Gaskiya shekarar ba ta yi kyau ba. Manyan masu tsaron gidansa biyu, J.J. Watt da Whitney Mercilus, sun ji rauni a wasa ɗaya, kuma babu ƙungiyar da aka zura wa maki kamar Houston a kakar. Duk da haka, a Janairun 2018 Tennessee Titans ta ba shi kujerar babban koci. Masu suka sun ce an yi gaggawa.

Amsarsa ta zo ranar 4 ga Janairun 2020, a filin Patriots, gaban tsohon maigidansa Belichick. Titans na gaba da maki 14 da 13, saura minti shida da ɗoriya, kuma dole ta buga ƙwallo da ƙafa ta miƙa wa Brady. Duk wanda ya san Brady ya san ba a ba shi lokaci. To a dokar wancan lokaci, in aka yi laifi ana saura fiye da minti biyar a tashi, alƙalin wasa zai ja ƙungiya baya da yadi biyar, agogo kuma ya ci gaba da tafiya. Sai Vrabel ya sa yaransa suka ƙi taɓa ƙwallo har lokacin da aka ɗiba musu ya ƙare. Laifi. Aka ja su baya, agogo na tafiya. Suka sake jira, wani ya motsa da gangan kafin lokaci. Wani laifin. Yadi biyar ko goma ba su dame shi ba, tunda dama bugun ƙafa zai yi. Kafin a ankara kusan minti biyu sun tafi, kyamara na nuna Belichick a gefen fili yana ta faɗa da alƙalai. Shi kansa Belichick ɗin ne ya yi wa New York Jets wannan dabara 'yan watanni kafin nan. Titans ta ci 20 da 13, Derrick Henry, gwanin gudu da ƙwallo na Titans, ya yi gudun yadi 182, jifan Brady na ƙarshe a rigar Patriots kuma hannun Logan Ryan na Titans ya faɗa. Bayan kakar NFL ta toshe wannan kafa a dokarta. Mako guda bayan doke Patriots, Titans ta je Baltimore, ƙungiyar da ta fi kowa nasara a kakar, ta doke ta 28 da 12, kafin Kansas City ta tare ta a wasan kusa da na ƙarshe.

Ni dai kakar 2021 ce ta fi burge ni. Rauni ya yi wa Titans yawa har ta yi amfani da 'yan wasa 91 a kaka ɗaya, abin da ba a taɓa gani ba a lokacin. Henry, wanda ya yi gudun sama da yadi 2,000 a kakar da ta gabata, ya karye a ƙafa a tsakiyar kaka. Ana ɗauko mutum ranar Talata, ranar Lahadi yana fili. Amma suka ci wasa 12 cikin 17, suka zo na ɗaya a AFC, ɗaya daga cikin ɓangarori biyu na gasar NFL, aka ba Vrabel kyautar gwarzon koci. Tsohon ɗan benci ya san yadda ake shirya ɗan benci. A atisaye yakan ɗaura katifar kariya a ƙirji ya shiga tsakiyar yaransa, su bangaje shi, ya nuna musu inda hannu zai sauka da inda ƙafa za ta tsaya. In an tashi wasa kuma yakan tsaya a hanyar ɗakin canza kaya ya gaisa da kowane ɗan wasa, an ci ko an faɗi.

Sai dai salonsa yana da iyaka, kuma ta bayyana. Ƙungiyarsa ta dogara da gudun Henry da ƙarfin tsaron gida. A wasan sili-ɗaya-ƙwale na kakar nan sun kayar da Joe Burrow, kwatabak ɗin Cincinnati, har sau 9, amma suka faɗi 19 da 16, saboda kwatabak ɗinsu Ryan Tannehill ya jefa wa abokan hamayya ƙwallo sau uku. A Afrilun 2022 hukumar ƙungiyar ta musanya A.J. Brown, gwanin masu cafe musu ƙwallo, zuwa Philadelphia. Kakar ta fara da nasara 7 cikin wasa 10, sannan suka faɗi bakwai a jere. A 2023 wasa 6 kacal suka ci, kuma a Janairun 2024 mai ƙungiyar, Amy Adams Strunk, ta sallame shi. Ya bar Tennessee da nasara 54, faɗuwa 45. Babu ƙungiyar da ta ɗauke shi babban koci a shekarar, sai ya tafi Cleveland Browns a matsayin mai ba da shawara.

Kada a ɗauka duk layinbaka in ya zama koci sai ya dace. Mike Singletary na cikin manyan layinbakokin da aka taɓa yi, amma a San Francisco wasa 18 ya ci, ya faɗi 22, aka sallame shi. Jerod Mayo, wanda ya yi wasa kafaɗa da kafaɗa da Vrabel a 2008, ya gaji Belichick a New England, ya ci wasa 4 cikin 17, aka kore shi bayan kaka ɗaya. Singletary ya shekara biyar yana mataimaki kafin a ba shi ragama, Mayo ma haka, amma shi Mayo duk a gida ɗaya ya yi nasa. Vrabel kuwa ya koyi aikin a jami'a, ya koya a Houston, ya yi shugabanci shekara shida, ya ɗanɗani kora, ya zauna shekara guda yana kallon yadda wasu ke tafiyar da tasu ƙungiyar.

Kujerar Mayo ɗin ce aka ba shi a Janairun 2025. Ya tarar da ƙungiyar da ta ci wasa huɗu-huɗu shekara biyu a jere, amma ya tarar da abin da bai taɓa samu a Tennessee ba, wato matashin kwatabak mai tasowa, Drake Maye. Ya dawo da Josh McDaniels ya riƙe ɓangaren kai hari, ya ɗauko wasu tsoffin yaransa na Tennessee irin su Harold Landry. Tun a atisayen watan Agusta aka gan shi da jini a kumatu, bayan ya faɗa tsakiyar 'yan wasa yana raba faɗa a atisayen haɗin gwiwa da Washington. Kakar ta ƙare Patriots na da nasara 14 cikin 17, aka sake ba shi kyautar gwarzon koci. A hanyar zuwa wasan ƙarshe ya haɗu da Houston ta DeMeco Ryans, shi ma tsohon layinbaka, ya wuce. A Super Bowl na Fabrairun 2026 kuwa masu tsaron gidan Seattle Seahawks sun hana Maye sakat, Patriots ta faɗi 29 da 13. Vrabel yana da shekara 50 a lokacin, kwatabak ɗinsa kuma 23, kuma aikin da ke gabansa shi ne gina sahun da zai kare yaron nan daga irin matsin da ya sha a wannan dare.