Amsoshin Tambayoyinku: Mene ne Lambrusco?

Jama'a masu saurare, tambayarmu ta yau ta fito ne daga wani mai sauraronmu da ke aiki a birnin Modena na ƙasar Italiya. Ya ce a wajen walimar wani abokin aikinsa an miƙo masa wani jan abin sha mai kumfa da ɗan zaƙi, wanda ake kira Lambrusco, aka ce masa ai kamar lemo ne, shi kuwa bai sha ba. Yana so ya san mene ne shi, kuma ko ɗaya yake da ruwan inabi mai kumfa da ake rabawa a bukukuwan aure a gida Najeriya.

To Malam, Lambrusco giya ce ta inabi, kuma yawancinta tana ɗauke da barasa kimanin kashi 8 zuwa 12 cikin ɗari. Ta samo sunanta daga irin inabin da ake nomawa a yankin Emiliya-Romanya, musamman kewayen Modena da Reggio Emilia da Parma, wato dai a mahaifarta kake zaune. Janta daga ɓawon inabin yake fitowa, domin ana barin ruwan tare da ɓawon har launi ya shige shi.

Kumfar ce ke ruɗar mutane, saboda haka bari mu ɗan tsaya a kanta. Idan yis ya cinye sukarin da ke cikin ruwan inabi, abu biyu yake haifarwa, barasa da iskar gas. A giyar da ba ta da kumfa ana barin iskar ta fice, a nan kuwa ana sake tsima ruwan a cikin rufaffen tankin ƙarfe, iskar ta rasa mafita ta narke a ciki, sai an buɗe kwalba an tsiyaya sannan ka ga jar kumfa ta taso a bakin kofi. Wani ɗan Italiya mai suna Federico Martinotti ne ya yi wa wannan dabara ta tanki rajista a shekarar 1895. Kun ga ke nan, kumfar da barasar daga tukunya ɗaya suka fito. Akwai 'yan uwanta irin su Brachetto d'Acqui a yankin Piyamonte, mai zaƙi sosai, da kuma Shiraz mai kumfa ta ƙasar Ostireliya, dukkansu kuwa suna bugarwa.

Wanda ake rabawa a bikin aure, idan na gaskiya ne, ruwan inabi ne da ba a tsima ba, aka cusa masa gas da inji kamar yadda ake yi wa lemon kwalba. Abin da ya fi damunmu shi ne kwalaben suna kama da juna, har marfin da takardar adon wuyansu, kuma harshe ba ya iya rarrabe su saboda zaƙi yana ɓoye ɗacin barasa. Don haka, Malam, kafin ka kai kofi baki ka juya kwalbar ka duba lambar yawan barasa da aka rubuta kusa da alamar "% vol", wadda dokar Tarayyar Turai ta wajabta a sa a jikin kowace kwalbar giya. Idan kana neman wanda babu barasa a shagunan Italiya, ka nemi kalmar "analcolico", kuma ko da ka gan ta ka karanta sauran bayanin, domin wasu ana cire musu barasa ne bayan an tsima su, ɗan kaɗan yakan saura a ciki.