Allurar bitamin a gida: kayan da za ku tanada

Assalamu alaikum, masu kallo. Idan likita ya rubuta muku allurar bitamin B12, nas kuma ta koya muku yadda za ku riƙa yi wa kanku a gida, to ku matso kusa. Wanda kuwa kasala kawai ya ji ya ce bari ya sayo allura ya ƙara ƙarfi, ya fara zuwa a auna jininsa tukuna. Ta farko ma a gaban ma'aikacin lafiya ake so a yi, don akwai jikin da ba ya karɓar maganin.

Kafin ku sayi komai, ku tambayi likita: a tsoka za a yi ko a ƙarƙashin fata? Amsar nan ce za ta zaɓa muku allura.

Ku duba ledar nan da ke hannuna. Kun ga lamba da harafin G a gefenta? Kaurin allurar ke nan, kuma lissafinsa a juye yake: duk yadda lambar ta ƙaru, allurar ƙara sirancewa take yi. Wato 25G ta fi 21G siranta. Launin gindinta ma yana faɗa muku, 21 kore, 23 shuɗi, 25 ruwan lemo. Ta tsoka yawanci tsakanin 22 da 25 take, tsawonta milimita 25 zuwa 38. Mai jiki sosai yakan buƙaci doguwar, in ba haka ba maganin a kitse zai tsaya, bai kai inda aka aike shi ba. Ta ƙarƙashin fata gajeruwa ce siririya, milimita 16 ko ƙasa da haka. Na san ido yakan tafi kan ƙaramar saboda tsoro, amma tsoro ba shi ke zaɓen allura ba.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne, allura biyu ake so a kowane zama, ɗaya ta zuƙo magani, ɗaya ta shiga jiki. Idan kwalbar mai murfin roba ce, huda robar na dakushe tsinin, sai sukar ta ƙara zafi. Idan kuma 'yar kwalbar gilas ce da ake karya wa wuya, ku naɗe wuyan da tsaftataccen ƙyallen bandeji, ku karya ta gefen da ba ya fuskantarku. Ɓurɓushin gilas na iya faɗawa ciki, shi ya sa ake zuƙowa da allura mai matata. Ita wannan ba a sukar jiki da ita ko kaɗan, da an zuƙo sai a cire a sa sabuwa.

Sirinji kuwa, ƙarami ya wadatar. B12 yakan zo mililita (mil) 1 ne a kwalba, don haka na mil 1 zuwa 3 ya isa, layukansa sun fi karantuwa. Ni na fi son wanda ake murɗa masa allura, ba ta subucewa. Ku kiyayi sirinjin insulin na masu ciwon sukari idan ta tsoka aka rubuta muku: allurarsa gajeruwa ce, awonsa ma daban ne.

Sai auduga, filasta, da ƙyallen sifirit mai ƙarfin kashi 70. Ku goge murfin kwalba da fatar, ku bari su bushe. Ledar da ta yage ko kwanan watanta ya wuce, a yar. Maganin kuma ya zauna cikin kwalinsa, ba ya son haske.

Kada ku fara sai kuna da robar zuba allurai mai kauri da murfi. Kowace allura sau ɗaya ake amfani da ita, kuma ba a mayar mata da hula, a nan ake soke yatsa. Daga jiki sai cikin robar. Idan ta kai kashi uku cikin huɗu, ku rufe, ku tambayi asibitinku ko inda kuka karɓi maganin wurin da ake miƙa ta.